Mudun Yaya Balaraba

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Balaraba, kuma har yau in likita ya ce mini "ba wani abu ba ne", sai na ƙara gyara zama.

Lokacin da aka taso da gwamnati daga Ikko zuwa Abuja muka baro Zariya, ni da ita da mijinta Malam Sani. Shi ya kama shagon yadi a Mararaba, ita ta kafa tukunyar tuwo saboda leburori. Yaya ba ta yarda da awon kowa. In za ta sayo dawa a Jiwa da mudunta take tafiya, manoma suna tsokanarta wai Hajiya mai mudu ta iso. Amsarta ɗaya ce: hatsinku na yarda da shi, mudun ne ban sani ba.

Wata shekara Malam Sani ya dafe ƙirji a shago. Kafin a ce kwabo an kwantar da shi a asibiti, an manna masa wayoyi, an ce zuciya ce, ya kuwa tashi. Ba a jima ba Yaya ta fara nata: muƙamuƙi na ciwo, tsakanin kafaɗu na riƙewa, ga tashin zuciya da gajiya da gumi. Ni na raka ta asibitin nan dai. Likita ya tambaya ko ƙirji na ciwo, ta ce ba sosai ba. Bai ko ɗago kai ba ya ce olsa ce, masu sayar da abinci ba sa ci a kan lokaci, ta kuma rage tunani. Matar da ba ta yarda da mudun kowa, ranar ta yarda. A gindin murhu ta faɗi, da muciya a hannunta.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma 'yarta Rabi, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta gaya mini abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce an daɗe yawancin binciken ciwon zuciya a jikin maza ake yi, daga nan aka rubuta alamomin da likitoci suka haddace, alhali na mace kan zo da wata kama. Wato ba mugunta likitan ya yi ba, abin da aka auna masa ya sayar mana.

Rabi ta ce yanzu an gyara, ana sa mata a bincike. To, Allah ya sa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Da Yaya na nan ta ga dogayen asibitocin Abuja, na san ba ginin za ta kalla ba. Tambaya za ta yi: mata nawa aka sa a binciken, kuma akwai irinmu a ciki?

Watan jiya muƙamuƙina ya fara, gajiya ta biyo. Na je wani asibiti a Lugbe, likita ya saurare ni ya fara zancen olsa. Ni kuwa na taɓa jin wannan karatun. Na ce, "Likita, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba zan tashi ba sai an duba zuciyata." Ya ɗan ɓata rai, amma aka duba. Yanzu ina shan maganin zuciya.

Yaya ba ta bar gida ko fili ba. Mudun nan yana wurina, ya lotse, ba ya awon komai. Taurin kan da ke tafe da shi ne gādon, kuma shi ya zaunar da ni a kujerar da ita ta tashi. Allah ya jiƙanki, Yaya.