Kumatun Da Muka Ɗauka Na Lafiya Ne

Assalamu alaikum. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni matashiyar uwa ce mai 'ya ɗaya. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Yelwa, nan cikin Bauchi, muna zaman haya ni da maigidana. Ina da saurin fushi, ina kuma son a ce komai nawa tsaf yake. Burina in yi wa yarinya wanka, in shafe ta da mai, in fita da ita, duk wanda ya gan ta ya ce uwar nan ta iya reno. Sai Allah Ya ba ni 'yar da fatarta ta hana ni samun wannan yabon. Ba zan faɗi sunanta ba, ko a gida ma ba kasafai nake faɗa ba, don 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. Kowa Hajiya Ƙarama yake ce mata.

Tun kafin ta fara zama abin ya soma. Kumatunta suka bushe suka yi kaushi, daga nan ya sauka wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Ba ganin abin ne ya fi damuna ba, ƙaiƙayin ne. Idan na goya ta, sai ta yi ta goga fuskarta a bayana, in na sauke ta in tarar da ɗigon jini a zanin goyo. Na yanke mata farce, na sa mata safa a hannu, ta koyi cirewa da baki. Ba ta barci, ni ma ba na yi. Haka zan shiga aji ido jajir, yaron mutane ya yi ɗan kuskure in sauke masa fushin da ba shi ya jawo ba.

Mun je asibiti tun da wuri, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Wata likita ta duba ta, ta ce ciwon fata ne da suke kira egzima, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa. Ta ce ba irin ciwon da ake sha wa magani ya tafi gaba ɗaya ba ne, lallaɓa shi ake yi. In daina yi mata wanka da ruwan zafi, in ajiye soso, in nemi sabulu marar ƙamshi, in riƙa shafa mata mai sau da yawa a rana, in sa mata kayan auduga. Ta rubuta wani ɗan siririn magani, ta ce kaɗan za a shafa, a daidai wurin da ya tashi kawai, na 'yan kwanaki a dakata. Na fito raina a ɓace. Ni magani na je nema, an haɗo ni da aiki. Na ɗan bi abin da ta ce, fatar ta lafa, da aka kwana biyu ta sake tashi. Nan na yanke hukuncin cewa asibiti ba su san kan wannan ciwo ba.

Duk uwar da ta taɓa goyon yaro mai ciwon fata ta san cewa kowa a gari likita ne. A keke, a gidan biki, a ofishin malamai, ba wanda zai ga yarinyar ya yi shiru. Wannan ta ce ƙyasbi ne, waccan ta ce ƙazuwa ce, wata ta ce sanyin jikina ne ta tsotsa a nono. Akwai ranar da wata mata a cikin keke ta dubi wuyan 'yata, ta janye ɗanta ta mayar da shi ɗaya gefen, har na sauka ba ta sake kallon inda muke ba. Saboda irin wannan na shiga gwaje-gwaje. Na dafa ganyen darbejiya na yi mata wanka da shi. Na dirje ta da sabulun salo tana tsala ihu, wai don dattin ciwon ya fita. Na shafa man shanu, na shafa lalle. Aka hana ni gyaɗa da ƙwai da kifi, na bari. Har ƙauyen Miri na hau babur na je wurin wani dattijo da aka ce ya san itatuwa, ya ba ni sassaƙe na jiƙa mata, ta wuni tana amai. Maigidana ya ce in koma ga abin da likita ta faɗa, na ce masa ai ba shi ake kallo a hanya ba.

Ana cikin haka lokacin yaye ya zo. A dangin mijina, kaka ce ke yaye jika, don haka aka kai ta babban gidansu a Ƙofar Ran, wurin Hajiya, uwar mijina. Gida ne da ake riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Uwa ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban manya, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi a gabanta, wani ne zai ɗaga shi. Ni ba haka aka tsananta a gidanmu ba, amma na koya, don ba na son a ce matar ɗan boko ba ta da ta ido. Na zuba man da likita ta ce a cikin jakar kayanta, amma bakina ya kasa yi wa Hajiya bayanin yadda ake shafawa. Kuma uwa ba ta leƙa yaro yana yaye, sai na zauna a gida ina jira.

Ranar da aka dawo min da ita, na tsaya a bakin ƙofa ina ta kallonta. Fatar ta yi sumul, ba kaushi ko kaɗan. Ta yi haske, ta yi ɗan kumatu, tana ta dariya. Hajiya da kanta ta rako ta, ta miƙo min wata 'yar roba ba rubutu a jikinta. Ta ce haɗin man kaɗanya ne da wata maƙwabciyarsu ke yi, a shafe mata jiki duka safe da yamma, ta ƙara da cewa ga abin da asibiti suka kasa nan an gama a gida. Tambaya ta zo min har bakina, in ce me aka zuba a ciki, na haɗiye ta. Tambayar suruka abin da ta shafa wa takwararta daidai yake da ce mata ban yarda da ita ba. Ban da haka ma, gaskiya ba na son in sani. Yarinya tana barci, ni ma ina barci, kuma a karon farko mata suna tare ni a hanya suna cewa tubarkalla.

Watanni muka yi muna shafawa. Roba ta ƙare, in aika Ƙofar Ran a karɓo wata. A hankali na fara ganin abubuwan da ban gane ba. Kumatun sai ƙara cika suke yi har suna neman rufe mata ido. Wani gashi mai laushi ya fito mata a goshi da gadon baya. Fatar cinyarta ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi. Cikinta ya yi tulu, ƙafafun kuwa ba su ƙaru ba. Rigar da aka ɗinka mata da ƙaramar Sallah ta matse ta a ciki kafin babbar Sallah, amma tsawonta yana nan inda yake. Sannan duk ranar da na manta ban shafa ba, washegari fatar za ta tashi fiye da da.

Na yi ƙoƙarin magana, Allah Ya sani. Na fara da maigidana, ya ce ni dai ba a iya min, da tana fama na yi ƙorafi, yanzu ta murmure kuma ina neman wani abin cewa. Wata rana a gidan Hajiya, mata sun cika tsakar gida, na yi ƙarfin hali na ce anya fuskar yarinyar nan ba kumburi ba ne. Ban rufe baki ba yayar mijina ta tafa hannu, ta ce jama'a ku zo ku ga 'yar zamani, ta zauna gaban surukai tana auna kumatun 'yar fari. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce in bar yarinya ta ci arzikin kakarta, kada bakina ya kama ta. Abin da har yau yake ci min rai shi ne ni ma dariyar na yi, na sunkuyar da kai, na ce wasa nake.

Asiri ya tonu ne lokacin da mai haɗin ta yi tafiya wani gari wurin 'yarta da ta haihu, man kuma ya ƙare mana. Cikin 'yan kwanaki jikin yarinyar ya rikice. Fatar ta yi jajir daga wuya har ƙafa, tana tsattsafo da ruwa. Zazzaɓi ya rufe ta, ta fara amai, ko kofi ba ta iya riƙewa. Hajiya ta aiko a kai mata ita, na kai ta. Aka shimfiɗe ta a tabarma, aka ɗora tukunyar darbejiya, ana cewa a yi haƙuri mai man ta kusa dawowa. Ina tsaye daga gefe kamar baƙuwa, don ba ni da hurumin matsawa kusa. Da na ga an ɗaga hannunta ya koma ya faɗi yaraf, ban san lokacin da na ratsa matan nan ba. Na kira sunanta da ƙarfi a tsakiyar gidan, na suri abata na goya, ban yi wa kowa sallama ba na fita na tare keke.

A asibiti likitar da muka samu ba fatar ta fara dubawa ba, fuskar ta kalla. Ta tambaye ni me muke shafa mata, na ce man kaɗanya ne kawai. Ta ce man kaɗanya ba ya yin wannan, a je a binciko abin da ke ciki. Maigidana ya tafi gidan mai haɗin, mutanen gidan suka nuna masa kwalin da take tara kayanta. Wani maganin shafawa ne mai ƙarfi na manya, irin wanda wasu mata ke saye a kemis don su yi fari, shi take matsewa cikin man kaɗanya ta cakuɗa. Likitar ta yi mana bayani cewa fatar yaro ba ta da kauri, maganin ya daɗe yana ratsawa cikin jininta. Kumatun da muke murna da su aikin maganin ne, shi ya tsayar mata da girma, kuma jikinta ya saba da shi har ya daina yin wani aikin da ya kamata ya yi da kansa. Shi ya sa da aka yanke shi rana ɗaya ta kusa tafiya. Na ce to ba irinsa aka taɓa rubuta mana a asibiti ba? Ta ce danginsu ɗaya, amma wancan marar ƙarfi ne, kuma an faɗa min inda zan shafa da ranar da zan daina.

An kwantar da mu, aka mayar da ita kan irin maganin, sannan aka yi ta janye mata shi sannu a hankali. Hajiya ta zo, ta zauna bakin gado tana kuka, ta ce wallahi da ta sani da hannunta bai taɓa robar nan ba. Na yarda da ita, don tsohuwar nan tana son takwararta fiye da yadda zan iya faɗa. Amma da ta juyo ta tambaye ni me ya sa da na ga alamu ban yi magana ba, sai da na tashi na fita waje, don abin da ya zo bakina ba na faɗa wa suruka ba ne. Mai haɗin kuwa da ta dawo rantsuwa ta yi ta yi cewa taimako take, yara nawa suka warke a hannunta. Na ji an ce har yanzu ana zuwa saye.

Yau yarinyar tana makaranta. Ciwon bai rabu da ita ba. Wani watan lafiya lau, wani watan mu sha fama. Abin da likitar farko ta faɗa min, wanda na raina, shi nake yi kullum: ruwa mai ɗumi, ba soso, mai a kai a kai. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma har yanzu akwai ranar da nake jin kamar in kurma ihu. Man nan ya bar mata tabo a cinyoyi, kuma duk sa'o'inta sun fi ta tsawo, ko da yake an ce da sauran lokacin da za ta iya kamo su.

'Yan'uwana iyaye mata, abin da na koya ke nan. Duk man da aka miƙo muku ba suna, ba rubutu, ku tambayi abin da ke cikinsa, ko daga hannun wa ya fito. Idan ciwon da ya daɗe yana ba ku wahala ya ɓace cikin 'yan kwanaki, ku tsaya ku bincika kafin ku yi murna. Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, amma ranar da jikin ɗanki ya canza, ke kika fi kowa sani, ki faɗa ko za a yi miki dariya, ki sake faɗa. Ku kuma surukai da dangin miji, in uwa ta buɗe baki a kan ɗanta, ku saurare ta kafin ku tsokane ta.

A falon Hajiya akwai wani babban hoton yarinyar da aka ɗauka a waɗancan watanni, fara sol, kumatu cike. Baƙi in sun shigo sukan ce kai, a nan ta fi kyau. Kwanakin baya muka je gaisuwa, ta tsaya gaban hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me ya sa na daina shafa mata man da ke sa ta yi kyau haka. Na durƙusa na ce mata a wannan hoton ba ta da lafiya, yanzu ne take da ita. Ta dubi kaushin da ke hannunta, ta sake duban hoton, na ga dai ba ta yarda ba.