Wankin Tukwane Ya Tsallake Ni

Ranar Juma'a muna kartar poka da ƙwallayen dabino a ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai, wanda nasa suka ƙare shi zai wanke tukwane, tsibi kamar Dutsen Dala. Katina ba yabo ba fallasa, ni ke fara magana, ga Musa ɗan Gana a bayana, sarkin ƙara kuɗin caca.

Ƙamshin shayin kanumfari ya tuno min da marigayi dattijon ɗakinmu. Irin wannan katin kifewa yake, ya kurɓi shayi. In na ce masa matsoraci, sai ya ce, "Yaro, na bayanka ya ga motsinka, kai ba ka ga nasa ba."

Na kife. Da aka zo ƙarshe, Musa ya buɗe sarki biyu! Sani, abokin kartarmu da ya bi ƙarinsa, yana can yana kankare ƙanzo.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba.