Hular Goggo Ba-Yanzu-Ba

Ƙarfe bakwai Goggo take buɗe shago. Ta share ƙofa, ta rataye tawul da 'yan riguna a igiya, ta ja kujerarta ta fuskanci asibitin haihuwa da ke tsallaken titi. Shekara ashirin da takwas ke nan. Kayan jarirai take sayarwa, amma rabin aikinta hana mutane saye ne. Ka ɗauki takalmi, ta ce, "Ba yanzu ba." Ka nuna keken koyon tafiya, ta ce, "Ba yanzu ba." Har sunan ya bi ta.

Mai shayin da ke gefenta ya ce ya sha ganin ta karɓe kaya daga hannun mutum ta mayar kan tebur. Wata nas ta ce da ta buɗe jakar mai naƙuda take gane ko an bi ta wurin Goggo: zannuwa masu taushi, hula, safa, babu tarkace.

Ni na je mata cikin matata yana wata shida. Haihuwar fari. Na zo da jerin kaya a waya.

"Karanto," ta ce.

Na karanto: gado mai lilo, turare, takalma, manyan riguna da huluna don kada su yi saurin matsewa.

"Angon ƙarni, jaririn yana faɗowa ofis zai wuce?"

Matan da ke shagon suka kwashe da dariya.

"Ɗana, ɗauki zani huɗu da safa da ƙananan huluna biyu. Sauran ba yanzu ba."

Na ce, "Mama, ba wa'azi na zo saya ba." Na shiga shagon gaba na kwashi duk abin da ke jerin.

A wata na bakwai 'yata ta zo. Kanta bai fi dunƙulen hannuna ba. Nas ta ce jikinta yana sanyi, a nemo hula daidai kanta da gaggawa. Waɗanda na saya har haɓa suke rufe mata. Na zaga shaguna da rana tsaka, babu. Ƙarshe na tsaya a ƙofar Goggo kamar gunki.

Ba ta tuna min komai ba. "Wata nawa?"

"Bakwai."

Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Huluna ne 'yan mitsi-mitsi da take saƙa wa bakwaini da hannunta. Ba na sayarwa ba ne.

"In ta yi mata kaɗan, a wanke a dawo da ita. Wani yana tafe."

Ta bar wa mai shayi shagon, ta tsallaka titi, ta nuna wa matata yadda za ta kwantar da jaririyar a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zani.

'Yata ta rayu. Hular ban mayar ba. Kunya ta hana ni. Shekara biyu ina sauya hanya.

Makon jiya na ji ƙarshen wata za ta rufe shagon. Ido ya yi rauni, ba ta ganin zare. Na je na miƙa mata hular. Ta shafa ta da yatsu.

"Shuɗiya mai farin baki. Na neme ta. Akwai ranar da wani uba ya zo, kwalin babu ko ɗaya."

Ban tambayi yadda jaririnsa ya ƙare ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Da wannan nake kwana.

Goggo, ke ce mai korar ciniki don ɗan wani ya ji ɗumi. Ke ce na yi wa rashin kunya a gaban mata, kika tsallaka min titi. Na gode. Ki yafe min. Allah ya saka miki, ya ba idonki lafiya.

Masu shago, ku koyi cewa ba yanzu ba. Wanda ya san akwai hular kwalin nan a gidansa, ya wanke ya kawo kafin ƙarshen wata. Matata ta karɓi kwalin, tana koyon saƙa.

Da zan tafi Goggo ta ce, "Yarinyar fa?"

Na ce, "Har gudu take yi."

"To," ta ce, "yanzu ka saya mata takalmin."