Yadda Mama Take Tsaga Citta

Shekarar da na gama sakandare, babu wanda ya isa ya gaya mini cewa ban iya wasan kwaikwayo ba. A cocinmu da ke Kafanchan, inda nake zaune a gidan ƙanwar babana, ni ce Shaiɗan a kowace diramar matasa. In shafa gawayi a fuska, in ɗaura baƙin zane, in shigo ta ƙofar baya da wata dariya mai sa jarirai fashewa da kuka. Matan zumuntar coci har janye ƙafafunsu suke yi idan na wuce ta gefen bencinsu. Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Na yanke shawarar tafiya Jos in karanci wasan kwaikwayo, kuma a ganina makarantar ce za ta yi sa'ar samuna.

Mama ce ta tare hanya. Babanmu ya rasu tun ina firamare, ita kaɗai ta riƙe mu da noman citta a ƙauyenmu da ke kusa da Nok. Ranar da na kai mata maganar, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Wasa?" ta ce. "Zan aika ki makaranta ki je ki koyi ƙarya? Ga makarantan nas a Kafanchan, ki shiga ki zama mutum. In kina so Jos, ki tafi, amma ba da albarkana ba."

A gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ina da taurin kai, kowa ya shaida, amma ban taɓa shiga motar tafiya mai nisa ba sai Mama ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a. Na san in ba ta ɗora hannun nan ba, babu Jos ɗin da zan je.

Duk da haka na ci gaba da shiri, ina fatan za ta sauko. Makarantar tana yin gwaji kafin ta ɗauki ɗalibi: ka tsaya gaban malamai ka nuna abin da ka iya. Akwai wata dattijuwa da ta yi shekaru tana koyar da wasan kwaikwayo kafin ta yi ritaya ta dawo gida Kafanchan, ita ce take tara masu neman shiga ta horar da su na mako shida a wani ajin firamare bayan yara sun tashi. Madam muke kiranta. Gajeriya ce, da ƙaton tabarau da silifa na roba. Da a kasuwa na gan ta, da na tambaye ta nawa take sayar da tumatir.

Ranar farko ta ce kowa ya nuna abin da ya zo da shi. Na miƙe na sako mata Shaiɗan gaba ɗayansa, da zare ido da dariyar da komai. Ta bari na gama tsaf.

"Kin gama?"

"Na gama, Madam."

"To. Ni dai ban ga Shaiɗan ba. Yarinya na gani tana roƙo a tafa mata."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Har na fara neman jakata da ido. Sai ta jawo kujerar yara ta zauna a tsakiyar ajin, ta miƙa hannu biyu ta karɓi wani abu daga wurin wanda babu shi. Kofin kunu ne, kuma da zafi. Ban san yadda na sani ba, amma na sani. Ta sauya riƙo saboda yatsunta sun fara ƙuna, ta hura, ta kurɓa kaɗan, ta ja iska ta haƙora. Ƙuda ya zo, ta kore shi ta rufe bakin kofin da tafin hannu. Da ta kai ƙarshe ta kaɗa kofin don gudajin da ya kwanta a ƙasa ya taso, ta ɗaga kai ta shanye. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, sai da na ji mun haɗiyi yawu kusan tare. Babu kofi, babu kunu, babu ƙuda, kuma ba ta ce uffan ba. Tun ina ƙarama nake hawa dandamali, amma ranar ce na fara ganin wasan kwaikwayo.

Mako uku ta hana mu magana a cikin wasa. Mu da muka saba a coci mu fuskanci jama'a mu faɗi komai da baki, har da darasin da za a koya a ƙarshe, sai ga mu muna koyon tafiya, da zama, da numfashi, kamar waɗanda suka tashi daga jinya. Takan tsayar da mu a bakin taga mu kalli tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke zama a gindin mangwaro, ta tambaye mu wanne ne gwiwarsa take ciwo, wanne ne bai karya kumallo ba. Da farko na ɗauka duba take yi. Daga baya na gane kallo kawai take yi, irin wanda mu ba mu taɓa tsayawa mun yi ba.

A ƙarshen mako na uku ta ba mu aiki. Kowa ya je ya sami mutumin da ke aiki da hannu, ya zauna ya kalle shi kwana uku, ba tambaya, ba taimako, sa'an nan ya dawo ya yi aikin a gabanmu hannu wofi.

"Kada ki ƙara, kada ki rage," ta ce, tana kallona musamman. "Kada kuma ki gyara masa. Abin da kika gani, shi za ki kawo."

Lokacin haƙar citta ne, sai na ce bari in je gida, ko ba komai na ci tuwon Mama. Na shiga mota zuwa Kwoi, daga nan na hau acaɓa. Na tarar da ita inda na san zan same ta, a kan falalen dutsen bayan gidanmu, ta miƙe ƙafa, ga tulin citta a dama, ga kwano a hagu. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san aikin nan. Kowace saiwar citta sai an tsaga ta biyu a tsaye da wuƙa kafin a shanya a rana, kuma kafin yamma hannu ya ɗauki zafi kamar an shafa barkono. Na tsani aikin nan tun ina yarinya. Rabin ƙwazona a makaranta gudunsa ne.

Na sami dutse na zauna na zuba mata ido.

"Wannan ne karatun?" ta ce. "Ki zauna kina kallon mutum? Ga wuƙa can, ɗauka."

"An hana ni, Mama."

"Ai dole ki so makarantan da ya hana ki aiki."

Ranar farko gajiya kawai na yi. Rana ta biyu na daina jiran lokacin tashi, sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ajiye wuƙa don ta gyara zama, takan daddaɓa dutsen da tafin hannu har ta same ta. Takan shafa cittar da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa kafin ta sa wuƙa, kuma yatsan nan ba ya matsawa, yana tafiya manne da kaifin har ƙarshe. Kafin ta jefa a kwano takan taɓa bakin kwanon sau biyu. Idan wani ya gaishe ta daga hanya, kunne take juya masa, ta jira ya ƙara magana kafin ta amsa. Ban tambayi kaina dalili ba. An ce in kwaso, na kwaso, ina ta jin daɗin yawan abin da na tara.

Ranar Litinin na zauna a simintin ajin na miƙe ƙafa. A karon farko a rayuwata na manta akwai masu kallo. Na ji nauyin wuƙar, na ji ƙasar da ke jikin cittar. Na daddaɓa, na shafa, na tsaga, na taɓa bakin kwano, na jefa. Wata daga cikinmu ta yi tari, na juya mata kunne yadda Mama take yi. Da na gama babu wanda ya tafa, abin mamaki kuma ban damu ba.

Madam ta cire tabarau ta goge da bakin zanenta.

"Wace ce wannan matar?"

"Mamana ce, Madam."

"Tun yaushe idonta ya fara ba ta wahala?"

Na ce idon Mama lafiyarsa lau. Na faɗa da ɗan zafi ma.

"Sake yi," ta ce. "Wannan karon ki kalli hannunki."

Na sake. Ban kai ga jefa ta farko a kwano ba na tsaya. Mai gani ba ya laluben wuƙar da ke gefen cinyarsa. Mai gani ba ya neman bakin kwano da yatsa. Kwana uku ina zaune taku biyu daga mahaifiyata, na kwashe komai a jikina, amma sai da wata baƙuwa ta kalli hannuna wofi a Kafanchan ta ga abin da yake damun matar da ba ta taɓa haɗuwa da ita ba a ƙauyen da ba ta taɓa zuwa ba. Tsoro ya kama ni, da kunya, da wani irin mamaki da har yau bai sake ni ba. Na fashe da kuka, na gaske, ba irin na dirama ba.

"Gobe kada ki zo aji," Madam ta ce. "Ki je gida."

Da na isa na tsaya a bakin falalen dutsen ban yi magana ba. Mama ta ɗago ta kalli wajena, ta gaishe ni da ladabi yadda ake gaida baƙo. Da na ce "Mama, ni ce," sai wuƙar ta tsaya. Ba ta yi gardama da yawa ba. Ta ce wajen kaka biyu ke nan abubuwa suna yi mata hazo, ta yi shiru ne don kada ɗayanmu ya bar makaranta ya dawo ya zauna da ita. A coci ta san waƙoƙin da ka, shi ya sa ba wanda ya lura littafin a hannunta kawai yake.

Ni da ƙanwar babana muka kai ta asibiti. Likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Aka fara da idon dama. Kwana kaɗan bayan an buɗe bandejin, tana zaune a tsakar gidan da nake zama a Kafanchan da baƙin tabarau, tana ta sukar yadda muke shara tunda yanzu tana ganin kowane lungu, sai ta kira ni.

"Zo ki nuna mini wannan abu da ya tona mini asiri."

Gwajin Jos saura kwana tara, kuma ba ta sake ɗaga maganar ba, ni ma ban yi ƙarfin halin ɗagawa ba. Na zauna a ƙasa gabanta. Na miƙe ƙafa. Na daddaɓa ƙasa na sami wuƙa. Na ɗauki citta na shafa, na ɗora kaifin, na fara ja da babban yatsana manne da shi.

"Ke! Za ki yanke!"

Kafin in ankara ta cafke wuyan hannuna ta fizge shi gefe, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta juya yatsan tana neman jini. Sa'an nan ta buɗe ɗaya hannun nawa, wanda ya riƙe wuƙar, ta ga babu komai a ciki. Ta daɗe tana kallon tafin. Daga nan ta ɗago nata babban yatsan kusa da idon da aka gyara, ta ga tabban yanka jere a kansa, tsofaffi da sababbi.

"Haka nake yi?"

"Haka kike yi, Mama."

Ba ta saki hannuna ba. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Wannan kam ba ƙarya ba ne." Ta jawo kaina ta ɗora tafinta a kai, tafin da har lokacin yake ƙanshin citta duk da sabulun asibiti.

"Ya Uba," ta ce, "ga yarinyan nan za ta Jos. Ka kai ta lafiya. Ka sa ta riƙa ganin mutane yadda ta gan ni."