Abokin da nake zuwa taro a madadinsa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Landover, can ƙasar waje, giya ta kama ni. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, don ba na son labari a birkice.

A idon jama'a, ni ne mai jera takalma a ƙofar masallaci, mai yi wa samari faɗa in sun makara. A but ɗin motata kuwa, ƙarƙashin tayar safaya, akwai kwalba. In na tashi daga aikin gadi sai in sha, in bi da cingam, sannan in shiga gida. Ranar da matata ta gano, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kwalbar a kan tebur ta ce, "Baban yara, daga yau 'ya'yana ba za su ƙara shiga motarka ba, sai ka nemi magani." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na bi abin bisa tsari. Da farko na bincika a waya, na ga masu son barin giya suna taruwa kusan a kowace unguwa. Sannan na soke duk na kusa, Landover da Greenbelt da duk inda Bahaushe zai iya gilmawa. Na zaɓi wani can Germantown, safiyar Asabar, a ɗakin ƙasa na wata coci. Wannan ma wata fargaba ce. Kafin in fito daga mota na cire hulata na cusa ƙarƙashin kujera.

An jera kujeru a kewaye, ga kofi a gefe. Kowa ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne. Da aka zo kaina na ce sauraro kawai na zo yi, kuma ba wanda ya matsa mini. Ina cikin yaba dabarata, sai na hango wani dattijo yana kallona. Mutumin Filato ne, Kirista, tsohon ma'aikacin jinya. A shagon kayan miyar gida muke haɗuwa, har bikin sunan ɗiyata ya zo.

Ba halin gudu. Ba a wuce babba ba gaisuwa, ko a ina aka haɗu. Ana tashi na je na rusuna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Yaya iyali? Yau ka yi nisa."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wani abokina ne abin ya dama. Kunya yake ji, shi ne na zo in jiyo masa yadda ake yi."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya saka maka. Ka gaishe shi. Ka ce masa ni ma da kunyar na fara."

Daga nan duk Asabar sai ya tare ni: "Yaya abokin namu?" Kuma ya ba ni saƙo. "Ka ce masa ya canja hanyar da yake bi daga aiki." Wani satin, "Ka ce masa kada ya rantse har abada, ya kama yau kaɗai." Ni kuma in kawo rahoto a natse, wai ya ce ya gode. Har gari na yi wa abokin nan, na ce ɗan Damagaram ne.

Sai dai abokin da babu shi ba ya barin giya. Tunda saƙon ba nawa ba ne, ban canja hanya ba, kwalbar ma ta koma mazauninta.

Wata ranar Lahadi ana ruwa, na tarar da matata da yara a tashar bas, za su Islamiyya. Na tsaya na sauke gilashi. Yaran suka yunƙuro, ta riƙe hannuwansu, ta girgiza mini kai. Motocin baya suna ta hon. Haka na ja na bar 'ya'yana a cikin ruwa, kujerun baya babu kowa.

Asabar na zagayowa na shiga da hulata a kai. Dattijon ya ce, "Yaya abokin namu?"

Na kasa ɗago ido. "Baba, babu wani aboki. Ni ne."

Ya yi 'yar dariya. "Malam, tun ranar farko na ji ƙamshin cingam ɗinsa. Kara na yi maka. Amma ba ni za ka faɗa wa ba, shiga ciki."

Da aka zo kaina na faɗi sunana, na faɗi abin da nake.

An ɗauki watanni kafin wata safiya matata ta buɗe ƙofar bayan motata da kanta, ta ce wa yara su shiga.

Abin da na gane shi ne, kunyar da ta kai ni Germantown ita ce ta kusa hana ni warkewa. Har yanzu in na tuna yadda na riƙa yi wa mai furfura ƙarya, yana sane yana amsawa, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna haɗuwa a shago har yau. Mu gaisa kamar kowa, sannan ya rage murya: "Abokin namu fa?"

In ce, "Yau bai sha ba, Baba."