Ƙidayar Tsuntsayen da Aka Goge

"Wai takardunsa ya zo karɓa."

"Waɗanne takardu kuma?"

"Na tsuntsaye. Ya ce shekara goma sha shida yana kawo mana rahoto duk wata."

"Mu? To ka ce masa ya je ya tambayi tsuntsayen, wataƙila su sun ajiye kwafi."

Ta bayan katakon da ya raba ɗakin gyaran littattafai da teburin ba da aro, a ɗakin karatu na gari, Inna Roba ta ji wannan magana, ta kuma ji dariyar da ma'aikatan biyu suka danne don kada baƙon ya ji. Ba ta ɗaga kai ba. Saura kwana tara ta ajiye aiki, kuma ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara sa baki a abin da ba a kira ta ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana zaune a wannan ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ta daina juyi tun tuni. Da sharar kantocin littattafai ta fara, har tsohon mai ɗinkin littattafai ya lura hannunta ba ya rawa, ya koya mata zare da allura da gam. Shi ne ya bar mata doka guda da ta riƙe kamar wasiyya: littafi ba na wanda ya ara ba ne, na wanda zai ara bayansa ne. Saboda haka duk littafin da ya dawo, sai ta bi shi shafi-shafi da robar goge fensir kafin ya koma kantarsa. Daga nan sunan ya samo asali, ya kuma bi ta har gida. Ta goge lambobin waya, ta goge zagin malamai, ta goge jerin cefane, ta goge sunayen 'yan mata da aka zagaye da furanni. Maigidanta, tsohon direban bas wanda gwiwoyi suka zaunar, yakan ce ita kaɗai ce matar da ke dawowa gida da asirin mutane a zani, ta kakkaɓe shi a tsakar gida kaji su bi ta kai.

Yanzu wuyan hannunta na dama yana kumbura kafin azahar, idonta kuma sai ta yi ta nisanta shafi kamar mai gudun wari. 'Yarta mai aikin jinya ta gaji da yi mata faɗa, har ta koma aiko mata da man shafawa ba tare da ko kalma ba.

Karatu kuwa, bai taɓa zama niyyarta ba. Littattafan labarai da na jarrabawa hannun mutane ke yaga su, ta ɗinke ta mayar da sauri. Na kantar ƙarshe, ta dabbobi da itatuwa da koguna, ba mai taɓa su sai gara da danshi, don haka ba mai jiransu. Sukan yi mako a teburinta ana jiran gam ya bushe, ita kuwa ta riƙa leƙawa. A haka ta san giwaye na tsayawa a kan ƙashin 'yan uwansu, ta san kifin teku na haɗiye leda ya mutu da cikakken ciki, ta san akwai tsuntsun da ba ya kai nauyin cokali amma yana ƙetare hamada. Sai dai duk littafin da ta ɗauka, ƙarshensa ɗaya ne: da akwai da yawa, yanzu saura kaɗan. Takan rufe da nauyin zuciya, ta kai labarin gida. Maigidan ya ce, ke da ko akuya ba ki taɓa ɗaurewa ba, kin ɗauki makokin giwa kin ɗora wa kanki.

A kantar nan littafi ɗaya ne ke fita: na tsuntsayen ruwa, mai koren bango, wanda ita da hannunta ta sake wa bango sau biyu. Duk wata sai ya dawo da rubutun fensir a gefen hotunan, kwanan wata da lamba, an danna kamar mai rubutun yana faɗa da takardar. Duk wata ta goge. Ba ta san mai aron ba, don ita kwando ake turo mata ta ƙasan katako, amma ta raɗa masa suna Ɓeran Fensir. Sau ɗaya ta kai ƙararsa, shugabar wancan lokacin ta ce shi kaɗai ke raya kantar, a ƙyale shi, ai abin da ake biyanta ta yi ke nan.

To, ranar nan da aka turo kwandon, koren littafin ne a sama. Ta dube shi, ta tuna maganar da ta ji. Ta miƙe da ƙyar ta fita.

Dattijo ne ke zaune a bencin jira, siriri, ya ɗaure ƙafar wandonsa da igiya irin ta masu keke, guntun fensir a bayan kunnensa. Da ta gaishe shi ta ce ita ce mai kula da littattafan ciki, sai ya miƙe tsaye da girmamawa, har da gyara wuyan riga.

Ya ce shi mai gadin ɗakin injin ruwa ne, can bakin gari, kusa da wani tafki bayan masu buga bulo. Hukuma za ta cike tafkin ta yi tashar manyan motoci. An manna sanarwa cewa mai ƙorafi ya kawo hujja a rubuce kafin ranar Alhamis ta sama, kuma wata malamar makaranta ta gaya masa idan aka nuna tsuntsaye na saka ƙwai a wurin shekara da shekaru, ana iya barin ɓangaren ciyawar. Shi kuwa hujja ai yana da ita, tana nan wurinsu.

Ta tambaye shi a hankali, wa ya ce masa ana ajiyewa.

Ya yi murmushin wanda aka tambaya abin da kowa ya sani. Ya ce a shafin ƙarshe na littafin an rubuta, duk wanda ya ga tsuntsayen nan ya rubuta adadinsu da ranar, ya miƙa wa masu adana bayanai. Su wa ke adana bayanai a garin nan in ba ɗakin karatu ba? Kuma tsarin bai ba shi wahala ba, don irin na wurin aikinsu ne: kullum da safe yakan rubuta lambar mita da alli a allo, jami'i ya zo ya kwafe a littafinsa, sannan ya share allon. In ka ga allo fes, an karɓa ke nan.

"Wata ɗari da casa'in da biyu," in ji shi, "ban taɓa dawowa na tarar ba a share ba. Nakan ce wa iyalina, ko ma wane ne wannan ma'aikacin, Allah ya yi masa albarka, ba ya kwana da aiki."

Inna Roba ta ɓoye hannunta na dama cikin mayafi. Abin da ya iya fitowa daga bakinta kawai shi ne, ya ba ta zuwa gobe ta duba. Ya yi ta godiya, ya kwatanta mata wurin aikinsa ko da za a aika, ya tura kekensa ya tafi.

Da la'asar ta gaya wa maigidan, yana zaune a ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafafu a kan bokiti. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara goma sha shida ɗaya na zuba ruwa ɗaya na huda tulun, kowa kuma yana sa wa ɗan uwansa albarka ko tsinuwa. Da ya ga fuskarta bai ƙarasa ba. Sai ya ce abu mai sauƙi ne, ta ce gara ta cinye takardun, wa zai musa? Gara ai ta saba ɗaukar laifin ma'aikata. Kwana tara ne ya rage, ta fita da mutuncinta. Tafkin ma, ko da hujja ko babu, wa ya taɓa ganin takarda ta tsayar da tifa?

Ta ce haka ne. Ta shafa man da 'yarta ta aiko, ta ƙara cewa haka ne. Amma ta kasa cin abin da ta dafa.

Washegari tun kafin a buɗe wa jama'a ta zauna gaban taga da littafin. Ta buɗe shafin gauraka, wanda ba ta riga ta taɓa ba, ta ga rubutun watan nan: kwanan wata, sai ɗan layi a kwance, ba lamba. Ta karkata shafin don ta gani da kyau, hasken safiya ya kwanta a kansa, sai ga ramuka sun fito. Fensirin ya tafi, amma dannawar tana nan. Kuma da yake robarta na sa takarda ta yi kaushi, dattijon yakan guji inda aka goge ya ɗan sauka ƙasa, ya cika gefe ɗaya ya koma ɗayan. Shekarun suna nan a jere, wasu sun hau kan wasu, wasu sun shafe sarai inda ta goge da fushi. Ta ƙura ido har hawaye suka zubo, ta karanta layi huɗu, na biyar ya narke mata.

Ta ɗauki katin aro ta rubuta sunanta, ta buga hatimi. Ma'aikacin teburin ya dube ta baki buɗe, ya ce Inna, yau ke ce da aro? Ta ce bayan shekara talatin da ɗaya ai ta isa a yarda da ita. Ta sayi littafin rubutu mai layi a shagon ƙofa, ta hau bas har ƙarshen hanya, ta taka sauran da ƙafa tana hutawa.

Tafkin bai kai yadda ta zata ba. Gefe ɗaya tarkacen bulo ne da ledoji, an ma riga an kafa turaku masu jan fenti. Amma can cikin ciyawa wani dogon tsuntsu mai launin toka na tsaye da ƙafa ɗaya, bai ko motsa ba. Zalɓe. Ta san shi a shafi na arba'in da biyu, inda ɗinkin ke yawan kwancewa. Ba ta san yana da girma haka ba.

Dattijon ya fito daga ɗakin injin yana goge hannu, ya jawo mata kujerarsa, idonsa a kan jakarta. Ba ta zauna ba. Ta san in ta zauna za ta fara da gaisuwa, gaisuwa ta kai ta ga ƙaryar gara.

"Malam, ba wanda ya kwafa," ta ce. "Ni nake gogewa. Aikina ke nan, na ɗauka ɓarna kake yi."

Injin na ta gurnani a bayansu. Ya cire fensirin daga kunnensa, ya dube shi, ya mayar. Ya juya ya kalli allon da ke jingine a bango, lambar mitar yau na jiran jami'i. Bai yi faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya zauna a kan kujerar da ya jawo mata, kamar ya manta don wa ya kawo ta.

"Ashe ba wanda ya taɓa karantawa," in ji shi.

Ta buɗe baki ta ba shi haƙuri, sai ta ji wani abu daban na fitowa. Ta ce gauraka goma sha huɗu ne a shekarar farko. Suka koma tara, suka daɗe a tara, sai huɗu, sai biyu. Shekara uku ke nan layi kawai yake ja. Dinya ta ɓace damina biyu ta dawo. Kirinjijiya kuwa, 'yar agwagwar dajin nan, akwai watan da ya rubuta ɗari da wani abu, har ta ce a ranta wannan ɓeran ya fara ƙarya. Ita kanta ba ta san ta riƙe su ba. Mutum ba ya goge abu sai ya dube shi.

Ya ɗago kai a hankali. Ya ce ɗari da goma sha ɗaya ne, kuma ba ƙarya ba ne, shekarar da ruwa ya kai gindin injin. Ya tambaya wane ɓera. Ta ce wannan sai wani jiƙon.

Ta fito da littafin ta nuna masa ramukan. Ya sa tabarau ya ce shi ba ya ganin komai sai farar takarda. Ta ce ita tana gani, amma hannunta ba zai iya riƙewa a karkace ya kuma yi rubutu ba, idon ma ba ya wuce layi biyar sai ya huta. Inda ramin ya shafe, sai su haɗa abin da ta tuna da abin da ya tuna, abin da ba su tabbatar ba su bar gurbinsa. Shafi sittin ne, kwana shida. Ba ta ce zai isa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya shiga ya fito da bokiti ya kife, ya zauna a kai ya bar mata kujerar. Ta zauna, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta buɗe sabon littafin rubutun a cinyarta, ta laluba jaka ba ta sami abin rubutu ba, sai roba guda uku.

"Malam, ara mini fensirin nan naka," ta ce. "Sannan ka juya wa rana baya kaɗan, ka riƙe mini shafin a karkace. Kada ka motsa sai na ce."