Fensirin da Malam Ya Fiƙe

Jiya 'yata tana fiƙe fensirin jarrabawa, sai ƙanshin katakon ya mayar da ni zaurenmu na unguwar Madabo.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aka zaɓe ni in zauna jarrabawar shiga makarantar haziƙai. Kakana, wanda muke kira Malam, marubucin Alƙur'ani ne da hannu. Ya hana kowa taɓa fensirina. Da hantsi ya zauna a buzunsa, ya ɗauko 'yar wuƙar da yake gyara alƙaluman kara, ya fiƙe shi a karkace, ya tsaga bakin.

Na ce, "Malam, ai fensir ba ya shan tawada."

Ya ce, "Kai abokina, yaushe aka haife ka?"

A ɗakin jarrabawa, ina fara rubutu bakin ya karye, na gama da fensirin aro. Da na ci jarrabawar, har unguwar Koki sai da aka ji cewa fiƙar Malam ce ta sa. Ina can makarantar kwana ya rasu, ban samu jana'izarsa ba.

Na karɓi fensirin 'yata na jujjuya. Bakinsa sumul, babu tsaga.

Allah Ya sa abin da hannun Malam ya rubuta ya haskaka masa kabarinsa.